SHIN YA HALATTA IN SAYI GURBIN AIKI? NASIHA GA WAƊANDA SUKA KAMMALA JAMI'A



Da farko ina taya 'ya'yanmu da ƙannenmu murna, waɗanda suka kammala jami'a da waɗanda suka gama bautar ƙasa. Allah Ya sanya albarka a cikin karatun, Ya saka wa iyayen da suka sha ɗawainiya da mafificin alheri.

Akwai wata tambaya da take yawan zuwa mini daga wajenku, kuma kusan lafazinta ɗaya ne: "Malam, an samo mini gurbin aiki a wata ma'aikatar gwamnati, amma an ce sai na ba da kuɗi. Takarduna cikakku ne, na cancanci aikin, kuma in ban biya ba wani zai biya. Ya halatta?" A kan wannan nake so mu tsaya yau, domin amsar da mutum ya ba kansa a wannan gaɓar za ta iya bin sa har tsawon shekara 35 ɗin da ma'aikaci yake yi kafin ya yi ritaya.

Bari in fara da cewa na san halin da kuke ciki. Yaro ya shekara huɗu ko biyar a makaranta, ban da wanda yajin aikin malamai ya ƙara masa. Ya je bautar ƙasa yana karɓar alawus ɗin naira 77,000, wata 12 suka cika aka yanke. Ya dawo ɗakin da ya bari a gidansu, ƙanne sun zuba masa ido, mahaifiya ba ta cewa komai amma yana ganin abin a fuskarta, ga yarinyar da yake nema iyayenta sun fara cewa ya fito. Ba mu manta da abin da ya faru a watan Maris na 2014 ba, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa a faɗin Nijeriya don jarrabawar shiga aikin shige da fice, alhali guraben ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsitsi fiye da mutum 10 suka rasa rayukansu. A 2023 kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a kan zargin sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, duniya ta ji mutane da bakinsu suna faɗin kuɗin da suka biya. Saboda haka wanda ya yi wannan tambayar ba lalatacce ba ne. Ai da zuciyarsa ta mutu da bai tsaya tambaya ba.

To amma tausayi ba ya canza hukunci. Asalin magana shi ne kuɗin da aka bai wa mai riƙe da amanar jama'a don ya karkatar da hukuncinsa zuwa gare ka, sunansa rashawa, ko an kira shi na goro, ko kuɗin fom, ko ihsani ga oga. Hadisi ya tabbata a wajen Abu Dawud da Tirmizi cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai bayar da rashawa da mai karɓarta. Ka lura, bai ware mai bayarwa ya bar shi ba. A cikin Suratul Baƙara kuma Allah Ya hana mu cin dukiyar juna da ɓarna, kuma a ayar nan dai Ya ambaci miƙa dukiya ga mahukunta don a ci haƙƙin wasu. Wannan ciwon ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su.

Na san abin da wani ɗalibin ilimi zai ce: "Ai Malam, malamai sun yi rangwame ga wanda aka tilasta wa ya biya don ya karɓi haƙƙinsa." Gaskiya ne, manyan malamai irin su Ibn Taimiyya sun faɗi haka: wanda aka danne wa haƙƙi, ba shi da hanyar karɓa sai ya ba da wani abu, zunubin yana kan mai karɓa. Sai dai mu tambayi kanmu, mene ne haƙƙinka a nan? Dattijon da ya gama aiki aka riƙe masa fanshonsa sai ya ba da cin hanci, wannan haƙƙinsa ne tabbatacce, da sunansa a jiki, ba ya shafar kowa. Gurbin aikin da ba a riga an ba kowa ba kuwa, kai da duk wanda ya cika sharuɗɗa kuna da haƙƙi iri ɗaya a kansa, wato a gwada ku da adalci a ɗauki wanda ya fi dacewa. Cewa ka cancanta daban, cewa kai ka fi kowa cancanta daban. Ranar da ka biya, kujerar wani ka saya. Wataƙila maraya ne da ya fi ka ƙoƙari, abin da ya rasa kawai gonar da za a sayar a biya masa. Ba ka san sunansa ba, ba za ka taɓa ganin fuskarsa a duniya ba, amma Allah Ya san shi, kuma akwai ranar da za a haɗa ku.

Sai maganar "in ban biya ba wani zai biya." Wallahi wannan kalmar ita ce ta riƙe kasuwar. Kowane mai saye yana fakewa da na bayansa, shi kuma dillali yana ƙara farashi saboda layin ya yi tsawo. Kai dai ba za a tambaye ka abin da wani ya yi ba, naka za a tambaye ka. Hadisi ya zo a Tirmizi cewa bawa ba zai gusa daga matsayarsa ranar alƙiyama ba sai an tambaye shi abubuwa, a cikinsu har da dukiyarsa, ta ina ya samo ta, kuma a ina ya kashe ta.

Mu ajiye lahira a gefe na ɗan lokaci, mu yi lissafin duniya. A ce ka biya naira miliyan 2, albashin kuma naira 100,000 ne a wata. Sai ka yi wata 20 kana aiki, ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka hau mota ba, kafin ka mayar da uwar kuɗi. Kuɗin kuma yawanci bashi ne, ko filin gado aka sayar, ko sarƙar mahaifiya. Wanda ya shiga ofis da irin wannan nauyi a wuyansa, ranar da aka turo masa ambulan ta ƙarƙashin tebur da wane ƙarfi zai mayar da ita? Shi da ya sayi kujera, sayar da sa hannu ba zai yi masa wuya ba. Wanda ya sayar masa kuma ya riƙe sirrinsa, duk ranar da ya ce a sa hannu a kan wata takarda sai a sa, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan fa idan aikin na gaske ne ke nan. Nawa ne aka ba su ofa ta bogi, suka je kama aiki aka ce ba a san da zamansu ba, kuɗi sun tafi, kunya ta hana su kai ƙara saboda sun san su ma da hannunsu a ciki?

Sannan ɓarnar ba ta tsaya a kan mutum ɗaya ba. Idan malamin makaranta sayen gurbinsa ya yi, ɗanka zai koyar. Idan ma'aikacin jinya ne, wata rana mahaifiyarka ce a kan gadon. Muna ta kukan ƙasa ta lalace, alhali lalacewar ta irin waɗannan ƙofofin take shigowa, mutum ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa.

Wannan laifin yana da 'yan'uwa da mutane suke rainawa. Akwai rage shekaru, mutum ya je kotu ya yi rantsuwa a kan ranar haihuwar da ya san ba tasa ba ce, don kada ya wuce shekara 30 na bautar ƙasa ko iyakar da aka sa wa wani aiki. Akwai karɓo takardar ƙaramar hukumar da ba ka da alaƙa da ita don ka ci rabon mutanenta. Akwai kuma mafi muni, wanda 'yan'uwanmu mata suke fuskanta, inda wani mara tsoron Allah zai nemi mutuncin yarinya a madadin aiki. 'Yata, babu albashin da ya kai wannan farashin. Ki tashi ki bar masa ofishinsa, kuma ki sanar da wani babba da kika yarda da shi.

Kada wani ya fahimci cewa ina hana neman aikin gwamnati ko na kamfani. Ku nema, ku cike fom, ku shirya wa jarrabawa da gaske. Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kafa hujja da amanarsa da saninsa. Haka nan ba laifi wani mai mutunci da ya san ka ya yi maka ceto, ya faɗi gaskiyar abin da ya sani game da kai, matuƙar ba a danne wanda ya fi ka ba, kuma ba a biya shi ba. Domin akwai hadisi a Abu Dawud da ya nuna karɓar kyauta a kan ceto babbar ƙofa ce daga ƙofofin riba.

To idan an nema ba a samu ba fa? A nan ne nake so mu gyara wata fahimta. Digiri shaida ce cewa ka yi karatu, ba alƙawari ne daga Allah cewa arzikinka yana cikin ofis ba. Abdurrahman bin Auf (RA) ya iso Madina ba shi da komai. Sa'ad bin Rabi'i (RA) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'ar albarka ya nemi a nuna masa kasuwa kawai, daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Annabi Dawud (AS) yana sarki amma daga aikin hannunsa yake ci. Imamu Abu Hanifa ɗan kasuwar tufafi ne a Kufa. Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yi itace ya sayar ya fi masa alheri a kan roƙon mutane. Wane digiri ne ya fi ƙarfin sana'ar da Annabawa suka yi?

Ga shawarata a aikace. Wannan kuɗin da za a haɗa a kai wa dillalin aiki, ko rabinsa ne, jari ne. Amma kada ka zuba shi a harkar da ba ka sani ba. Ka fara zama a ƙarƙashin wanda ya iya, ko a Kantin Kwari ne, ko Dawanau, ko wajen masu gyaran waya, ko masu haɗa sola, ko gonar kaji, ka yi wata shida ko shekara kana koyo, ko da yaron shago za a kira ka. Karatunka ba zai tashi a banza ba. Wanda ya iya rubuta shiga da fita, ya iya lissafin riba, ya iya tallata kaya a intanet, ya riga ya fi da yawa daga waɗanda ya tarar. Idan ƙaramin aiki ka samu, koyarwa ce a makaranta mai zaman kanta ko tsaron kanti, ka karɓa ka riƙe shi da amana kana neman wani. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka kuma nisanci cacar ƙwallo da masu cewa kawo kuɗi a ninka maka. Mun ga yadda MMM ta ƙare da mutane a ƙarshen 2016, kuma har yau sunan kawai ake canzawa. Gaggawar da take sa a sayi aiki ita ce take kai mutum hannunsu.

Wanda kuma ya riga ya faɗa ciki, kada ya yanke ƙauna. Ya tuba tuba na gaskiya. Malamai da yawa suna ganin idan ya cika sharuɗɗan aikin kuma yana yin sa yadda ya kamata, albashinsa ladan aikinsa ne, zunubin yana kan hanyar shigar, kuma tuba tana shafe shi. Wanda ya shiga da takardar ƙarya, aikin ma bai iya ba, lamarinsa ya fi tsanani, ya zauna da malamin da ya amince da shi ya faɗa masa gaskiya dalla-dalla. Alamar tuba kuwa ita ce kada wani ya ƙara bi ta hannunka da kuɗi.

Iyaye, ku ma da ku nake. Sau da yawa yaro ba ya so, matsin gida ne yake tura shi. Ku daina auna ɗanku da ɗan maƙwabci. Kun ciyar da shi halal tun yana jariri, kada ranar da zai fara ci da kansa ku zama ku ne kuka buɗe masa ƙofar haram.

Ba zan yi maka alƙawarin cewa in ka ƙi biya, gobe za a kira ka aiki ba. Wataƙila abokinka da ya biya ya riga ka sayen mota, ya riga ka aure. Abin da na sani shi ne Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin matafiyi mai ƙura a jiki, yana ɗaga hannu yana roƙon Ubangijinsa, amma cinsa da shansa da suturarsa haram ne, sai ya nuna da wuya a amsa masa. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Kai da kake farkon rayuwa, ga aure a gaba, ga 'ya'ya, ga iyaye suna tsufa, babu abin da kake buƙata kamar addu'ar da ake amsawa. Kada ka musanya ta da albashi. Abin da Allah Ya rubuta maka zai same ka, abin da aka bar maka zaɓi a kai shi ne ta wace ƙofa za ka karɓe shi.

Allah Ya buɗa wa matasanmu ƙofofin halal, Ya wadatar da su da falalarSa, Ya shiryi masu sayar da amanar jama'a ko Ya raba mu da sharrinsu. Wanda ya san wani da yake cikin wannan hali ya tura masa.

Wallahu a'alam.