Littafin Kyauta da Aka Biya Marubucinsa

A shekarar 2011 ɗakin karatu na Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, a Amurka, ya yi wa malaman jami'ar wani tayi: wanda ya nema aka zaɓe shi, ya ajiye littafin nan mai tsada da yake tilasta wa ɗalibai saye, ya tsara darasinsa da kayan karatun da kowa zai samu kyauta, za a ba shi dala 1,000. Jami'ar Temple da ke Filadelfiya ta yi irin haka a shekarar. Daga nan abin ya bazu. Jihar Jojiya ta fara nata tallafin a 2014, majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 5 a 2018, sannan a 2021 Kalifoniya ta zuba dala miliyan 115 don kwalejojinta na shekara biyu su tsara karatun da ɗalibi zai gama bai sayi littafi ko ɗaya ba. Ba haka kawai suka yi ba. Ofishin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati ya ƙiyasta cewa tsakanin 2002 da 2012 farashin sababbin littattafan jami'a ya tashi da kashi 82 cikin ɗari.

Da na ba wani malaminmu na zaure wannan labari, sai ya gyara zama ya ce, "To ɗana, ina kyautar take? Ai an biya shi." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ɗalibi dai bai biya ba." Ya ce ba ta ɗalibi yake yi ba, ta ladan malamin yake yi.

Tambayarsa ba ta yau ba ce. Magabatan Hanafiyya sun hana karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, suna ganin ibada ce, ibada kuwa ba a ɗaukar mutum haya a kanta. Na bayansu suka sassauta da suka ga abin da malamai ke samu daga baitulmali ya yanke, kuma in kowa ya tafi neman abinci karatun zai mutu. Malikiyya tun farko ba su ga laifi ba. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta ɗan littafi a kan ladubban masu koyarwa, har da maganar abin da za a biya su. A wannan tafarki muka tashi, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin kuɗin Laraba a matsayin sayar da Alƙur'ani. Gazali shi ne ya ɗaga matakin sama, ya so malami ya koyar don Allah ba ya jiran ko godiya. Amma shi kansa ya koyar a Nizamiyya ta Bagadaza, makarantar da wakafi ke ciyar da malamanta, kafin ya bar ta a 1095.

Ni a ganina an daɗe da wuce maganar a biya ko kar a biya. Abin dubawa shi ne a wace ƙofa ake karɓar kuɗin, kuma wa ake tarewa a bakinta.

Duk wanda ya yi jami'a a ƙasar nan ya san handawut. A ajinmu akwai wani malami da yake kawo nasa a kwali, wakilin aji ya zauna a bakin tagar ɗakin lacca da doguwar takarda, ka miƙa kuɗi ya rubuta sunanka da lambarka. Shafi talatin ne da 'yan kai, an maƙale su da waya biyu, fotokofin fotokofi, wasu layukan sai ka kai su hasken rana. Babu wanda ya ce maka wanda sunansa ba ya cikin takardar zai faɗi jarrabawa, kuma babu wanda ya yarda ya gwada. Wata a ajin ta kwafe duka da hannu daga na ƙawarta, ta haddace, amma daga baya sai da ta ci bashi ta saya, don sunanta ya shiga. A Amurka ma an ƙirƙiro mai kama da wannan, sai dai cikin kwat da taye: lambar shiga ta intanet da ake haɗawa da littafi, mutum ɗaya take yi wa aiki, ta mutu a ƙarshen zango, kuma in babu ita ba ka iya miƙa aikin gida. Littafin aro ko na hannu ba ya fitar da kai.

A nan ne hadisin da ya yi kashedi mai tsanani ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye yake zo mini a rai. Ban ce duk mai sayar da littafi ya shiga ciki ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin mawallafi haƙƙi ne da shari'a ke karewa. Marubuci ya sha wahala, yana da iyali. Amma malamin da ke riƙe da littafin a hannu ɗaya da makin jarrabawa a ɗaya hannun ba ciniki yake yi da ɗalibinsa ba, domin ciniki yana bukatar yarda, kuma wanda ba shi da ikon cewa a'a bai yarda da komai ba.

Tallafin jami'a yana mayar da kuɗin can baya ne. Ana biyan malami lokacin da ya ɓatar, sau ɗaya, daga aljihun da ba na ɗalibi ba, sannan a saki abin da ya rubuta. Littattafan OpenStax, da Jami'ar Rice ta Houston ta fara fitarwa a 2012, haka suke: gidauniyoyi sun biya marubuta da masu tacewa, yanzu ɗalibin lissafi a Katsina ko Damagaram yana sauke su a wayarsa. Lasisin Creative Commons da ake sa musu ya ba kowa damar kwafa, gyarawa, fassarawa da rabawa, da sharaɗin a ambaci mai asalin aikin. Wannan sharaɗin ya kwanta mini, domin malamanmu sun daɗe suna cewa albarkar ilimi tana cikin jingina magana ga mai ita. Game da ladan da Malam yake tsoron ya zube kuwa, niyya tana zuci, akawun jami'a ba ya ganinta. Mai albashi zai iya yi don Allah, mai bayarwa kyauta zai iya yi don a gani.

Inda nake da ja da tsarin shi ne ƙanƙantar kuɗin da kuma yankewarsa. Dala 1,000 ba ta kai wahalar sake gina darasi tun daga tushe ba, balle a hannun malaman wucin gadi da ake ɗauka zango-zango, waɗanda ke ɗauke da kaso mai yawa na koyarwa a can. Na san yadda ake yi wa malami daɗin baki da "ladanku na wurin Allah" a lokacin da ake danne masa na duniya. Littafi kuma yana tsufa: alƙaluma su canza, a gano kuskure, adireshin intanet ya mutu, wani ya gyara babi ya ɓata shi alhali sunan marubucin farko yana nan a sama. Tallafin an biya shi tun shekarar farko, an rufe fayil. Lokacin da Sayyidina Umar ya mayar da gonarsa ta Khaibara wakafi, ya hana a sayar da ita ko a gaje ta, amma ya yarje wa mai kula da ita ya ci daga amfaninta gwargwadon abin da aka saba. Wannan kason na mai kula, wanda ke zuwa kowace shekara muddin gonar tana nan, shi ne har yanzu galibin waɗannan tallafi ba su tanada ba.