Wa Zai Tsaya Tsakanin Yaro da Zaki?



Wata Lahadi bayan an tashi daga Misa, wata uwa 'yar Zumuntar Mata ta tsaya a bakin ƙofar majami'a riƙe da hannun ɗanta mai shekara 7. Ta ce, "Fada, ka taimake ni da addu'a. Yau kwana huɗu ke nan yaron nan ba ya barci. In dare ya yi ba ya yarda ya fita tsakar gida, har ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun tuni." Ita a tsammaninta an yi masa baki ne. Muka zauna a inuwa, na lallashi yaron har bakinsa ya buɗe, sai ya ce akwai zaki a bayan katangarsu. Da muka bi diddigi, ashe wansa ɗan sakandare ne ya samo wani fim a wayarsa, suka kulle ɗaki suka kalla cikin duhu bayan iyayensu sun kwanta. Addu'a kam mun yi, amma na ga wajibi ne in nemi fim ɗin in gani da idona, tun da gani ya kori ji.

Sunan fim ɗin "Beast", wato mugun naman daji. An fito da shi a shekarar 2022, an ɗauke shi a Afirka ta Kudu, tsawonsa kuwa kimanin awa ɗaya da rabi. Wanda ya ba da umarni shi ne Baltasar Kormákur, babban ɗan wasan kuma Idris Elba, mutumin Ingila wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, mahaifiyarsa 'yar Gana. Labarin wani likita ne da matarsa ta rasu, ya ɗauki 'ya'yansa mata biyu zuwa ƙasar mahaifiyarsu domin ya gyara tsakaninsa da su, gama babbar tana riƙe da shi a zuciya a kan cewa bai tsaya wa uwarsu ba a lokacin jinyarta. Kafin isowarsu, ɓarayin namun daji sun harbe wani garken zakuna da dare, namiji ɗaya ya tsira, ya shiga kashe duk ɗan Adam da ya tarar. Likitan da 'ya'yansa da wani amininsa suka faɗa hannun wannan zaki a tsakiyar daji, mota ta lalace, taimako ya yi nisa, dare kuma ya yi.

Gaskiya ɗaya ce, akwai alheri cikin wannan labari. Akwai uba da ya gane kuskurensa, ya nemi sulhu da 'ya'yansa. Akwai amini da ya ba da ransa domin 'ya'yan abokinsa su tsira. Akwai gargaɗi a kan haɗamar mutum, domin ba zakin ne ya fara ɓarna ba, masu bindiga ne suka taɓo shi. Mu kuwa a Nijeriya zakunanmu sun ƙare sai ɗan abin da ya rage a Yankari da dajin Kainji. A ƙarshe uban ya ɓoye 'ya'yansa, ya fita shi kaɗai ya janye zakin zuwa kansa. Babban mutum zai iya kallon wannan ya tashi da tunani mai kyau.

To, amma akwai gawarwakin mutanen ƙauye a yashe, akwai raunuka a buɗe jini yana zuba, akwai ihun mutanen da ake yagewa cikin duhu, akwai kuma yara biyu a kulle cikin mota suna kuka, zaki yana dukan gilashi. Wannan na ƙarshe shi ya fi huda zuciyar yaro, domin kansa yake gani a cikin motar. Ba a ajiye zaki na gaskiya a gaban 'yan wasan ba, da kwamfuta aka ƙera shi, amma ɗan shekara 7 bai san wannan ba. Idonsa ya gani, kunnensa ya ji gurnani, zuciyarsa ta karɓa. Balle yaran da suka taɓa jin manya suna hirar zakin da ya kuɓuce daga kejinsa a gidan namun daji na Kano a watan Oktoba na 2019. Balle kuma 'ya'yan 'yan'uwanmu da suka baro garuruwansu saboda 'yan bindiga, waɗanda suka san gudun dare da kwanan daji da ƙafafunsu. Ga irin wannan yaro, harbin bindiga cikin duhu fami ne a kan tsohon ciwo.

Masu tace finafinai a ƙasashen da aka fara nuna shi ba su ɓoye wannan ba. A Amurka an sa masa alamar R, ma'ana wanda bai kai shekara 17 ba ba zai shiga sinima ba sai tare da babba. A Ingila an sa masa lamba 15. Mu ma muna da Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa tun 1993, wadda take sa alamu irin su G, da PG, da 12, da 15, da 18, jihar Kano kuma ta kafa tata hukumar a 2001. Sai dai ina alamar take a yau? A zamanin kaset, fim yana zuwa cikin kwali, uba yana iya juya kwalin ya duba, akwatin talabijin kuma ɗaya ne tak a gida, a gaban kowa. Yanzu kuwa yaro yana kai waya shagon masu tura finafinai, a zuba masa goma ko ashirin da kuɗi kaɗan, ko abokinsa ya tura masa a makaranta. Kwali ya tafi, alama ta tafi da shi, mai tsaron ƙofar sinima babu shi. Mai tacewa ɗaya ne ya rage, shi ne ku iyaye.

Wani zai ce, "Ai mu ma da tatsuniyar Dodo da kura muka girma, ba abin da ya same mu." Haka ne. Amma ku tuna yadda ake yin tatsuniya. Kaka ce take bayarwa, a tsakar gida, yaro yana jingine da cinyarta. Tana magana tana duban fuskarsa. In ta ga ido ya raina fata sai ta sassauta murya, ta kawo Gizo da wautarsa a yi dariya, ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san labari ya ƙare. Dodon da yaro ya zana a ransa kuma bai fi ƙarfin ransa ba. Waya fa ba ta duban fuskar kowa. Ba ta sassautawa, ba ta rarrashi, abin da ta nuna wa ɗan shekara 30 shi take nuna wa ɗan shekara 5.

Littafi Mai Tsarki shi kansa cike yake da jeji da namun daji. Isra'ilawa sun yi shekara 40 a jeji. An jefa Daniyel cikin ramin zakuna. Markus ya gaya mana cewa Ubangijinmu ya yi kwana 40 a jeji tare da namomin jeji. Ba mu ɓoye wa yara waɗannan labarai, amma katikis mai hankali ya san yadda zai ba 'yan ajin farko, ya san kuma yadda zai ba samari. Manzo Bulus ya bi wannan hanya da Korintiyawa, ya fara ba su madara kafin abinci mai tauri, domin ba su isa ba tukuna (1 Korintiyawa 3). Dabinon Dutse abin alfaharinmu ne, amma ba uwar da za ta miƙa wa ɗan yaye ba tare da ta cire ƙwallon ba. Abu yana iya zama mai kyau, ya kuma shaƙe wanda bai isa ba.

Ikkilisiya ba ta ƙi fim ba, tana ɗaukarsa baiwa ce da za a yi lissafinta. Paparoma Pius na 11 ya rubuta wasiƙa a kan sinima tun 1936. Majalisar Batikan ta Biyu, cikin dokarta a kan hanyoyin sadarwa ta ranar 4 ga Disamba, 1963, ta ɗora wa iyaye nauyin lura da abin da yake shiga gidajensu ta hanyar kallo da karatu. A 1994 kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, cikin saƙonsa na Ranar Sadarwa ta Duniya, ya yi kashedi ga iyayen da suke mai da talabijin mai reno. Abin da ya faɗa a kan talabijin ya fi dacewa da wayar da muke miƙa wa yaro domin ya yi shiru mu samu mu yi aiki. Ku tuna, ranar da kuka kawo ɗanku baftisma, ku aka tambaya ko kun ɗauki nauyin tarbiyyarsa, ku kuma kuka amsa. Ba a tambayi mai shagon tura fim ba.

Saboda haka ga shawarata, a kan wannan fim da ire-irensa na tsira a daji, ko a teku, ko a kan duwatsu. Yaran firamare da na ƙananan azuzuwan sakandare kada a nuna musu shi sam. Wanda ya kai shekara 15 yana iya gani, amma da rana, a fili, tare da uba ko uwa, a kuma zauna bayan an gama a tambaye shi: wa ya fara laifi, me ya sa aminin ya ba da ransa, me uban ya koya? Duk fim ɗin da ba ku sani ba, ku fara kallonsa, ko ku tambayi malamin makaranta ko katikis wanda ya gani. Kada waya ta kwana a ɗakin yara. Ku samari da 'yan mata, yayyen gida, Allah ya sa ku masu tsaron ƙannenku. Abin da ya ba ku nishaɗi yana iya hana su barci mako guda. In kuwa yaro ya riga ya gani ya tsorata, kada a yi masa dariya, kada a doke shi saboda ya jiƙa shimfiɗa. A bar shi ya faɗi abin da ya gani, a bayyana masa cewa hoto ne aka ƙera, a riƙe hannunsa a zaga bayan katanga da rana ya ga ba kome, a yi addu'ar dare tare da shi. In tsoron ya daɗe, a kai shi wurin likita. Haka muka yi da yaron da na ambata, barcinsa kuma ya dawo, mun gode Allah.

'Yan'uwana, Dawuda ya gaya wa Sarki Saul cewa sa'ad da yake kiwon tumakin mahaifinsa, in zaki ya ɗauki ɗan rago yakan bi shi ya ƙwato (1 Sama'ila 17). Yusufu Mai Tsarki ya tashi da dare ya ɗauki Yaron da mahaifiyarsa zuwa Masar, bai jira gari ya waye ba (Matiyu 2). Mu ba a ce mu kama zaki da hannu ba, ba a ce mu ƙetare hamada ba. Abin da ake nema a gare mu ƙarami ne: mu karɓi waya mu duba, mu zauna kusa da ɗanmu, mu iya cewa "ba yanzu ba, sai ka girma." Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. In ba mu tsaya a wannan wuri ba, ba wanda zai tsaya mana.

Allah Uba, wanda ya damƙa mana waɗannan ƙanana amana, ya ba mu ido mai lura da zuciya mai haƙuri. Makiyayi Mai Kyau ya tsare barcin 'ya'yanmu. Maryamu Uwarmu da Yusufu Mai Tsarki su yi roƙo domin gidajenmu. Amin.