Da Wane Mudu Za Mu Auna Kulawa a Gidan Tsofaffi?

Gabatarwa

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan karin magana shi ne ya fara faɗo mana a rai da muka zauna nazarin gidajen da ake ajiye tsofaffi a ƙasashen Turai da Amurka, wato irin gidajen da mu a nan muke kira gidan gajiyayyu. A can, mutum kan kai mahaifiyarsa irin wannan gida ya biya kuɗi masu yawa, sa'annan ya koma gida zuciyarsa na tambayarsa: shin ana kula da ita kuwa? Tambayar tana da sauƙin yi, amma amsarta tana da wuyar samu. Manufar wannan maƙala ita ce mu duba irin mudun da aka yi ta auna kulawa da shi, mu ga inda kowanne ya cika da inda ya gaza.

Mudun Ido

Abu na farko da baƙo kan yi amfani da shi shi ne idonsa. Yakan dubi gini da fenti, da sharar tsakar gida, da farin zanen gado. Ba mu ce wannan awo banza ne ba, domin gidan da zarni ya tarye ka tun daga ƙofa ya riga ya ba da shaida a kan kansa. Sai dai ido ana iya yi masa kwalliya, musamman idan an san ranar zuwansa. A shekarar 2022 wani ɗan jarida na Faransa mai suna Victor Castanet ya fitar da littafi inda ya zargi wani babban kamfani mai gidajen tsofaffi da ƙididdige wa mazauna abinci da ƙunzugu saboda neman riba, alhali ɗaya daga cikin gidajen da ya yi magana a kansu yana cikin mafiya tsada a kewayen birnin Faris. Ashe ke nan kyan gini da tsadar ɗaki ba su isa shaida ba.

Mudun Lissafi

Da hukumomi suka ga ido bai wadatar ba, sai suka koma ga lissafi. A Amurka, bayan wani rahoto na 1986 da ya tona irin sakacin da ake yi, majalisa ta kafa dokar gyaran gidajen tsofaffi a 1987. A 2008 kuma gwamnati ta shigo da tsarin taurari, daga ɗaya zuwa biyar, bisa abubuwa uku: sakamakon binciken jami'an lafiya, da yawan ma'aikata, da alkaluman lafiyar mazauna, kamar yawan faɗuwa da miki irin wanda doguwar kwanciya kan haifar. A Ingila ma an kafa hukumar sa ido a 2009, wadda daga 2014 ta shiga ba gidaje matsayi huɗu, daga mai kyau ƙwarai zuwa wanda ya gaza.

Lissafi ya yi rana, kuma bai kamata mu raina shi ba. Kafin dokar 1987, kusan kashi 40 cikin ɗari na mazauna gidajen Amurka ana ɗaure su a gado ko a kujera, wai don kada su faɗi. Da aka hana wannan ɗabi'a aka kuma riƙa ƙirga ta, sai ta ragu ƙwarai da gaske. To amma lissafi yana da illa biyu. Ta farko, wani sashe na alkaluman gidajen ne da kansu suke bayarwa, kuma binciken da jaridar New York Times ta buga a 2021 ya nuna yadda wasu gidaje suka riƙa gyara alkalumansu don su sami taurari. Illa ta biyu ta fi zurfi: abin da ake iya ƙirgawa ba lalle ne ya zama shi ne abin da ya fi damun tsoho ba. Ana iya ƙirga sau nawa tsohuwa ta faɗi a wata. Wa zai ƙirga sau nawa aka yi maganarta a gabanta kamar ba ta wurin?

Tsakanin Tsaro da Mutunci

A nan ne muka iso tsakiyar matsalar. Abin da 'ya'ya suke nema wa iyayensu shi ne tsaro: kada ta faɗi, kada ta ɓata, kada ta ci abin da likita ya hana. Abin da tsohuwar take nema wa kanta kuwa sau da yawa wani abu ne daban: ta kwanta lokacin da ta ga dama, ta fita ta sha hantsi, ta ci goronta ko da an ce ya yi mata yawa. Gidan da yake son alkalumansa su yi kyau zai zaunar da ita wuri ɗaya, domin wanda bai tashi ba ba ya faɗuwa. Ta haka sai gida ya sami yabo a takarda da abin da yake tauye mai zama a cikinsa.

A 1976 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, sun yi gwaji a wani gidan tsofaffi a jihar Connecticut. Rukuni ɗaya aka ce musu su ne da alhakin tsara ɗakinsu da zaɓen daren da za su kalli fim, aka kuma ba kowannensu shuka ya riƙa ba ta ruwa da kansa. Ɗaya rukunin aka ce musu ma'aikata za su yi musu komai, har da ban ruwan shukar. Bayan mako uku, rukunin farko sun fi walwala da kazar-kazar. Abin da muka fahimta shi ne, mutum ba ya rayuwa da a yi masa kawai. Yana bukatar ya zama akwai abin da ke jiran hannunsa.

Wannan bai nuna a bar tsoho ya cutu da sunan 'yanci ba. Akwai wanda ruɗewar tsufa ta kai shi inda in aka bar masa ƙofa a buɗe zai bi titi ya halaka. Abin da muke cewa shi ne, kowane hani yana da farashi, kuma tsohon ne yake biya. Saboda haka gida na ƙwarai shi ne wanda yake jin nauyin hanin, yake neman mafi ƙanƙantarsa, yake kuma iya faɗin dalilinsa ba tare da ya fake da cewa haka doka ta ce ba.

Wanda Ba Ya Iya Faɗa

Mai karatu zai iya cewa, to ai sai a tambayi mai ɗakin. Gaskiya ne, amma da yawa daga cikin mazauna waɗannan gidaje mantuwa ta ci ƙarfinsu, wasu kuma suna tsoron su kai ƙarar hannun da zai yi musu wanka gobe. Wani malami a Jami'ar Bradford ta Ingila, Tom Kitwood, tare da abokan aikinsa, sun ƙirƙiro hanyar da mai bincike zai zauna sa'o'i a falo, yana rubuta halin da kowane tsoho yake ciki duk bayan minti biyar. Wato dai abin nan da mutanenmu suka daɗe da sani, labarin zuciya a tambayi fuska. Tsohon da ya manta sunan ɗansa bai manta bambancin tattausan hannu da fizga ba.

Haka nan kuma, ba za mu yi adalci ba in muka auna tsoho muka bar mai hidimarsa. Ma'aikaciyar da aka bar wa mutum ashirin ita kaɗai cikin dare, a kan ɗan albashin da ba ya kai ta ƙarshen wata, ba za ta sami sukunin zama ta saurari labarin kowa ba. Mai son sanin gaskiyar gida ya tambayi shekara nawa ma'aikata suke yi kafin su bar aiki, ya kuma zo ba tare da sanarwa ba, da magariba ko lokacin cin abinci.

Kammalawa

Wataƙila wani ya ce duk wannan matsalar Turawa ce, mu tsofaffinmu suna cikin gida tare da jikoki. Muna alfahari da hakan, kuma ya cancanci alfahari. Amma mu da karatu ko neman abinci ya kawo mu kudu, nesa da iyayenmu, mun san zumunci ya fara komawa aiken kuɗi da gaisuwar waya. Gwamnatin Nijeriya ma ta ga alamar haka, shi ya sa aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018. Bugu da ƙari, mudun da muka auna gidajen Turai da shi yana aiki a gidajenmu. Akwai tsohuwar da ke ɗakin ƙurya, ana kai mata tuwo safe da dare, an ɗinka mata kayan salla, amma an daina neman shawararta, an karɓe mata tsintsiya da riƙon jariri wai don ta huta. A lissafi ba ta rasa komai ba.

Don haka, ko a Landan ne ko a Sabon Ibadan, tambayar da ya kamata mu yi ita ce: wannan mutum, har yanzu ana kiransa da sunan da yake so, ana jiran amsarsa, akwai abin da aka bar masa ya yanke da kansa? Mu yi wa kanmu wannan tambaya tun muna da ƙarfi, domin in Allah ya ja da ranmu, da mudun da muka bar wa 'ya'yanmu za a auna mana.