Wanda Ya Kwanta a Ramin Garwa

A zuriyarmu akwai mamaci guda da har yau ba a daidaita kan yadda za a ambace shi ba. Ƙanin kakan mahaifina ne. Ko aure bai yi ba, 'yar gayauna ce kawai a hannunsa, ya bar garma ya tafi bariki. Wasu sun ce haraji ne ya kore shi, wasu sun ce yarinya ce ta ƙi shi. Sai labari ya iso cewa ya mutu a Garwa, a yaƙin Jamus.

A ƙarshen Agustan 1914 ne sojojin Nijeriya, ƙarƙashin Turawan Ingila, suka taso daga Yola suka faɗa wa Garwa da dare, ƙafafunsu ko takalmi babu. Jamusawa sun riga sun haƙa ramuka sun ja ganuwa. Aka ƙwace ganuwa ɗaya, gari na wayewa mashinga ta buɗe musu wuta. Kwamandansu, Laftanar-Kanar Maclear, nan ya faɗi, saura suka ja da baya zuwa Yola. Garin bai shiga hannu ba sai Yunin 1915.

Goggona ba ta kiran mamacin namu sai da shahidi. Limaminmu kuwa, da na tambaye shi, sai ya gyara rawani ya ce, "Ɗana, shahadar wa? Tutar wa ya bi?" Ba a banza ya yi tambayar ba. Shekara goma sha ɗaya kacal tsakanin Garwa da Burmi, inda wannan runduna ta Turawa ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. Kuma waɗanda ke cikin ramin da ke fuskantarsa, yawancinsu baƙaƙen fata ne irinsa, su ma albashin Bature suke ci. Ba sarkin Ingila ya sani ba, balle na Jamus.

Amma ni uwarsa nake tunani. Shahidin fagen fama, kamar mutanen Uhudu, ba a yi masa wanka, da tufafinsa ake rufe shi, kuma wannan girmamawa ce. Ɗanta shi ma bai samu wanka ba, bai samu likkafani ba, sai dai nasa rashin gata ne. Ga shi a mazhabarmu ta Malikiyya ba a sallatar gawar da ba ta gaban jama'a. Abin da ya rage mata ta yi wa ɗanta shi ne ta daka gumba ta raba wa yaran unguwa. Goggo gumbar nan ta gada, har da kalmar da aka rarrashi tsohuwar da ita. Ban ga dalilin ƙwace mata ba, ko da yake a fiƙihu liman ne da gaskiya. Niyyar saurayin da ya rarrafa cikin duhu a daren nan, Wanda ya halicce shi ne kaɗai ya gan ta.

Turawa nasu maganin dutse ne. A Thiepval ta Faransa sun sassaƙa sunaye sama da 72,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa. Wani abokina ya ce ina ruwanmu, mu da kaburburanmu tudun ƙasa ne da fasasshen tulu. Gaskiya ne, dutse ba ya sauƙaƙa wa mamaci kwanciya, addu'a ce ke isa gare shi, ita kuwa ba ta neman lambar soja. Sai dai mu mun bar kabari ba suna ne don sarki da talaka su kwanta daidai. Su sun rubuta irin su Maclear, suka tsallake da yawa daga waɗanda suka mutu a gefensu, alhali da suna suke kiransu ranar biyan albashi.