FATALWA A MASAUKIN BAKIN KOGI

A ƙasar Kolombiya, cikin Amurka ta Kudu, akwai wani kogi da ake kira Kogin Bogota. Kamar kilomita 30 daga babban birnin ƙasar, kogin nan ya kan zubo daga bisa dutse zuwa cikin wani kwazazzabo mai zurfin mita 132, wato fiye da ƙafa 400. Sunan wurin Tekendama. A bakin kwazazzabon, daura da inda ruwan ke zubowa, akwai wani babban gida da aka fara ginawa a 1923. A 1928 aka buɗe shi domin baƙi, ana ce da shi Hotel del Salto. Attajirai su kan zo cikin jirgin ƙasa su sauka, su ci, su sha, su yi kallon ruwa.

Amma wurin ya yi wani suna na baƙin ciki. Mutane da yawa waɗanda duniya ta ishe su sun je can sun hallaka kansu. Daga nan labari ya bazu, wai kurwarsu tana yawo cikin gidan. Wani ya ce an ga inuwar mutum a taga, wani ya ce ana jin kuka da dare. A farkon shekarun 1990 aka rufe masaukin, ya zama kango, labarin fatalwa kuwa ya ƙara ƙarfi.

Mu ma mun san irin wannan tsoro. Akwai masu bi waɗanda ba su iya wucewa ta kusa da kabari in rana ta faɗi. To, mene ne Maganar Allah ta koya mana?

Na fari, matattu ba su yawo. Cikin Luka sura 16 Ubangiji Yesu ya ba da labarin wani mai arziki da matalauci Li'azaru. Dukansu biyu suka mutu, kowa ya tafi wurinsa. Mai arzikin ya roƙa a aiki Li'azaru gidan ubansa ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar, amma ba a yarda ba. Aka nuna masa Maganar Allah da ke wurinsu ta ishe su. Ibraniyawa sura 9 kuma ta koya mana mutuwa sau ɗaya ce, shari'a ce ke biye da ita. Wanda ya mutu yana hannun Allah. Ba shi da izni ya koma ya tsaya a taga.

Na biyu, tsoro ya kan ruɗi ido da kunne. A Tekendama hazo ya kan rufe gidan, ruwa yana ruri dare da rana, iska tana shiga ta fasassun tagogi. Wanda ya shigo da labarin fatalwa cikin zuciyarsa, lalle zai ji abin da ya zo nema. Yawancin masu ba da labarin kuwa jiyau ne, ba ganau ba. Ko almajirai ma sun ruɗe haka. Cikin Markus sura 6, sa'ad da suka ga Yesu yana tafiya bisa ruwa da dare, suka yi ihu, suna tsammani fatalwa ce. Ashe Mai Cetonsu ne ya zo taimakonsu. Ba mu ce babu miyagun ruhohi ba. Akwai su, Shaiɗan kuma yana murna da tsoronmu. Amma Yesu ya fitar da su da magana kaɗai, wanda ke nasa kuwa ba ya bukatar laya ko boka. Kada kuma mu bi masu zuwa irin waɗannan gidaje domin su kira matattu, gama Kubawar Shari'a sura 18 ta hana wannan sarai.

Na uku, bari mu dubi abin da ya kori baƙi daga masaukin. Ba fatalwa ta kore su ba. Ƙazantar birni da dattin masana'antu da majema aka yi ta zubawa cikin kogin shekara da shekaru, har ruwan ya yi baƙi, yana kumfa, yana wari. Wa zai biya kuɗi ya kwana cikin ɗoyi? Masu rai suka ɓata kyautar Allah da hannunsu, ga shi kuwa ana ta maganar matattu. Haka halin ɗan Adam yake. Ya fi masa sauƙi ya ji tsoron inuwa da ya furta zunubinsa. Daga baya waɗansu suka gyara gidan, ya zama gidan tarihi inda ake koya wa mutane darajar kogin da dajin da ke kewaye da shi. Wannan aiki ya fi labarin fatalwa dubu amfani.

Na huɗu, wannan kuwa shi ya fi nauyi. Waɗanda ake cewa kurwarsu na kuka da dare, dā mutane ne masu rai. Sun yi kuka tun suna da numfashi, cikin bashi, ko ciwo, ko kunya, ko kaɗaici. Wa ya ji su a lokacin? Abin takaici ne a kasa kunne ga kukan matacce, a toshe shi ga kukan mai rai. Ku tuna da mai tsaron kurkuku a Filibi, cikin Ayyukan Manzanni sura 16. Ya zare takobi zai kashe kansa, gama ya zaci 'yan sarƙa sun gudu. Bulus ya ɗaga murya da ƙarfi ya hana shi. A daren nan mutumin ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma da dukan gidansa. Murya ɗaya ce ta tsare shi.

Ya ku 'yan'uwa, cikin kowace ekklisiya akwai wanda zuciyarsa ta kai bakin kwazazzabo. Watakila gwauruwa ce, watakila saurayi ne wanda ya rasa aiki, ko magidanci da ya daina zuwa sujada ba a san dalili ba. Kada mu jira sai an yi jana'iza. Bari mu tafi gidansa a makon nan, mu zauna, mu ji shi, mu yi addu'a tare. In abinci ya rasa mu kai masa, in ciwon ya fi ƙarfinmu mu raka shi wurin likita. Kai kuma mai karatu, in kai ne ke ɗauke da wannan kaya, kada ka yi shiru. Ka faɗa wa fasto ko wani dattijo yau. Yesu ya mutu ya tashi domin ka rayu.

Allah ya kawar mana da tsoron matattu, ya ba mu ƙaunar masu rai. Amin.