Hattara da Dillalan Ƙofa Masu "Farashin Yau Kaɗai"

'Yan'uwanmu mazauna Ingila da Allah ya hore wa gidan kansu, a Birmingham kuke ko Leeds ko Landan, ku saurara da kyau. Akwai wata cuta da ta daɗe a sana'ar ƙofa da taga a ƙasar, ana korarta tana dawowa, yanzu kuma ta samu sabbin waɗanda za ta ci: baƙin da suka sayi gida karon farko, ba su san farashi ba, ba su san doka ba, ga kuma kunyar nan tamu ta sallamar wanda ya riga ya zauna a falo.

Ƙofar uPVC ta roba ce mai tauri, ba ta ruɓewa, ba ta buƙatar fenti, ita ce mafi araha cikin ƙofofin gaban gida. A 'yan shekarun nan, wadda ba a cika wa ado ba, haɗe da firam da kuɗin aiki, yawanci tana kamawa tsakanin fam 800 da 1,500. Ku riƙe wannan lissafi, don rashin saninsa shi ne jarin macuci.

Ga yadda ake yi. Ka ga talla a Facebook ko an zura maka takarda ta ƙofa, an ce awo kyauta ne. Dillali zai zo da yamma, lokacin da ka dawo aiki a gajiye, ya dage sai uwargida ta zauna, don kada ka ce za ka yi shawara da ita. Zai buɗe jaka ya fito da guntayen roba da gilashi, ya kwashe awa biyu yana ba ka labarin ɓarayin unguwa da tsadar gas. Sannan ya faɗi kuɗi: fam 4,000. Da ya ga ka yamutsa fuska sai ya ɗauko waya ya kira "manaja" a gabanka, ya yi kamar yana roƙo dominka. A dawo 2,800. A sake kira, a ce in za ka yarda a kafa allon kamfani a ƙofar gidanka, 2,200, amma fa sai ka sa hannu a daren nan. Kai kana murna an rage maka kusan rabi, alhali ƙofar da ta kai 1,200 ka saya kusan ninki biyu. Farashin farko ba farashi ba ne, tsani ne aka kafa don a sauko.

Wannan ha'inci ne, kuma doka ta haramta shi. Tun 2008 dokar kare masu saye ta Birtaniya ta lissafa ƙaryar cewa tayi na ɗan gajeren lokaci ne, don a hana mutum nazari, cikin ayyukan da aka hana gaba ɗaya. Haka ma ƙin fita daga gidan mutum bayan ya ce a tafi. Amma doka ba ta zama da kai a falo da ƙarfe tara na dare.

Inda abin ya fi ciwo shi ne bayan sa hannu. Mutanenmu da yawa sun ji cewa duk cinikin da aka ƙulla a cikin gida ana da kwana 14 na fasawa, sai su sa hannu da niyyar sake tunani gobe. Dokar 2013 da ta ba da waɗannan kwanaki ta cire kayan da aka ƙera bisa awon mai saye, ƙofa kuwa kusan kullum bisa awon gidanka ake yinta. Dillali ya san haka sarai, shi ya sa gaggawar. In takardar ba ta rubuta ƙarara cewa kana iya fasawa ba, ka ɗauka ba ka iyawa.

Sai kafin alƙalami. Ba sai kamfani ya zama na macuta ba kafin kuɗinka su maƙale. Safestyle, mai hedikwata a Bradford, yana cikin manyan kamfanonin ƙofa da taga a ƙasar kafin ya durƙushe a watan Oktoban 2023. Everest, da ya shafe shekaru da dama ana jin sunansa, ya bi sahu a watan Afrilun 2024. In irin waɗannan za su faɗi, me za a ce da mai mota ɗaya da lambar waya, wanda ke cewa a ba shi rabin kuɗi tsaba a hannu don a kauce wa haraji? Ranar da ya ɓace babu rasit, babu garanti, babu inda za ka kai ƙara ba tare da ka tona wa kanka asiri ba. Kariyar a bayyane take: sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ɗora wa kamfanin katin bashi alhakin cinikin da ya haura fam 100 zuwa 30,000, ko da kafin alƙalamin kaɗai ka biya da katin. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, kamar yadda ya kamata, sai ya biya bashin katin gaba ɗaya kafin wa'adi.

Akwai kuma cutar da ba a gani da ido, kuma ita ta fi tayar mini da hankali, don ta shafi barcin iyali. Za a nuna maka yadda ƙofar ke kamawa a wurare da yawa idan ka ɗaga mariƙi, ka ce lallai wannan ganuwa ce. Amma duk waɗannan ƙugiyoyi suna ƙarƙashin ɗan ƙaramin kan makullin da kake zura mabuɗi, kuma mai araha ɓarawo na iya karya shi cikin ƙasa da minti ɗaya, dabarar da ta yi ƙamari a Yammacin Yorkshire kafin ta bazu. Wanda ba ya karyuwa haka, mai tauraro uku na ma'aunin TS007 ko mai shaidar Sold Secure Diamond, 'yan gomiyoyin fam ne kuɗinsa. A karɓi dubbai a hannun mutum a kuma tsuke masa nan wurin, wannan rashin imani ne. Ka sa a rubuta irin makullin a takarda, ka tambayi ko ƙofar ta cika ma'aunin PAS 24.

Mazauna falat a gidajen bene, ku naku daban ne. Ƙofar da ke buɗewa cikin barandar da kowa ke bi dole ta zama mai tare wuta ta minti 30, ta uPVC ta gama-gari kuwa ba ta cikinsu. Bayan gobarar benen Grenfell ta 2017, da ta ci rai 72, an gwada ɗaya daga ƙofofin benen ta kasa wuce minti 15. Kada ku taɓa ƙofarku sai da izinin masu ginin.

Ina da magana da samarinmu da ke ɗaukar irin wannan aikin talla don kamasho. Na san neman halal a ƙasar mutane da wuya. Amma in an koya maka kiran manajan ƙarya, aka tura ka gidan tsohuwa mai zaman kaɗaici, ko gidan ɗan'uwanka da zai amince da kai don kun gaisa da Hausa, ka sani haƙƙi ne kake ci, kuma ba ya barci. Ka nemi wani aikin.

Kai kuma maigida, ka karɓi farashi a rubuce daga wurare uku, har da ƙananan masu sana'a na unguwa da maƙwabta suka ga aikinsu. Ka duba ko suna da rajista da FENSA ko Certass, ka nemi garantin da inshora ta tsaya masa, kada ka cika kuɗi sai ka rufe ƙofar ka buɗe da hannunka. Wanda ya matsa maka lamba, ka kai ƙararsa Citizens Advice, su ke miƙawa ga jami'an Trading Standards. Duk wanda ya ce farashinsa na yau ne kaɗai, ka tashi ka raka shi waje, kada ka sa hannu.