Wa Zai Riƙe Sujadar Gida In Maigida Ya Tafi Cin Rani?



Ga kaka ta yi. An yanke gero, an ɗaure dammuna, riɗi ya shiga buhu, ran Alhamis kuwa hanyar kasuwar Maigatari ba ta rabuwa da motoci da amalanke. Ba da daɗewa ba magidanta da samari za su ɗauki jaka su tafi cin rani, waɗansu Kano, waɗansu har Ikko, sai damina ta gabato mu sāke ganinsu. Ban hana kowa tafiya ba, gama ƙasarmu jigawa ce, ruwanmu na wata uku ko huɗu ne, rumbu kuwa ba kullum yake kai mu wata kaka ba. Amma ina da tambaya guda. Ka bar wa iyalinka hatsi, ka bar kuɗin cefane. Wa ka bar wa Littafi?

Ranin bara na ziyarci wani gida a wani ƙauye wajen Sule Tankarkar. Maigidan mai-bi ne na kirki, ya tafi Kano. Uwargida ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa. Na ce a kawo Littafi Mai Tsarki mu yi karatu. Aka daɗe ana nema. Daga baya aka fito da shi daga ƙasan akwatin maigida, naɗe cikin leda tare da katin zaɓe. Ta ce, "Fasto, ai tun da ya tafi ba wanda ya taɓa shi. Nasa ne." Wata huɗu ke nan. A gidan kuwa akwai yaro ɗan aji shida wanda ya iya karatu sarai.

Na so in yi faɗa, amma bakina ya yi nauyi. Gama na tuna abin da matata ta taɓa faɗa mini shekarar da na fito makarantar Littafi Mai Tsarki, ina ta yawon wa'azi ƙauye ƙauye, ina dawowa bayan yara sun yi barci. Ta ce, "Maigida, mutanen ƙauye suna jin wa'azinka, 'ya'yanka kuwa sai ƙarar babur ɗinka suke ji." Na ji zafin maganar kwana biyu, domin gaskiya ce.

Bari mu duba gidan su Timoti. Cikin Ayyukan Manzanni 16:1 an gaya mana uwarsa Bayahudiya ce mai bi, ubansa kuwa Baheleni ne. Ba a ce uban ya koya masa kome na Allah ba. Amma sa'ad da Bulus ya rubuta masa wasiƙa ta biyu, ya tuna masa cikin sura 1 aya 5 inda bangaskiyarsa ta fito, wato wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Cikin sura 3 aya 15 kuma ya ce tun yana ɗan ƙarami ya san Littattafai. Ashe mata biyu ne suka yi renon mutumin da Bulus ya danƙa wa ekklesiyar Afisa. Muna raɗa wa 'ya'yanmu mata suna Afiniki, madalla. Amma don me muke kulle musu Littafi a akwati?

Ku tuna fa ba da sauƙi wannan Littafi ya zo hannunmu ba. Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa sun yi shekaru suna juya shi, sai a 1932 aka buga shi duka da Hausa, aka kuma yi sabuwar fassara a 1979. Ba su sha wannan wahala domin ya zama kayan ajiya ba.

Wata za ta ce, "Ni ban iya karatu ba." To, yaron ya karanta, ke ki yi addu'a. Wani zai ce yara ba su gane ba, suna gyangyaɗi. Kai manomi ne, ka san binne. Kana zuba irin gero cikin busasshen rairayi tun ruwa bai sauka ba, ka rufe da ƙafa, ka koma gida. Wanda bai san noma ba zai ce ka yi asarar iri. Amma ran da aka yi ruwa, gonarka ce za ta riga tsiro. Ubangiji Yesu ya ba da misali irin wannan cikin Markus 4:26-29, a kan mutumin da ya yafa iri, yana barci yana tashi, irin yana girma, shi kuwa bai san yadda aka yi ba. Ayar da yaro ya ji yana gyangyaɗi binne ce. Saukar da ruwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ba naka ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun isa su ba mu kunya a nan. Ko maigida yana nan ko ba ya nan, da asuba za ka ji motsin buta, da safe yara sun ɗauki allo.

Kada sujadar ta yi tsawo. Bayan tuwon dare, tun ba a ɗauke kwanuka ba, a yi waƙa ɗaya, a karanta ayoyi kaɗan, a tambayi yara abin da suka ji, a yi addu'a ana ambaton sunan Baba da garin da yake. Kai kuma da kake can, ga waya a aljihunka. In ka buga kana tambayar lafiyar awaki, ka tambayi inda aka kai a karatu.

Sai abu mai wuya, wanda ya shafi waɗanda ba za su je ko'ina ba. Na san gidan da maigida yakan zagi matarsa da rana a gaban yara, da dare kuma ya buɗe Littafi ya ce a yi shiru. Yara ba makafi ba ne. Bitrus ya gargaɗi maza cikin wasiƙarsa ta fari 3:7 su girmama matansu domin kada addu'arsu ta toshe. In kun yi faɗa, ka fara neman gafara tukuna, a gaban waɗanda suka ji zagin. Na taɓa yinsa. Ya fi wa'azi a tsakiyar kasuwa wuya, amma daren nan babbar 'yata ta yi addu'a da bakinta karo na fari.

A ekklesiyarmu dattawa sun shirya cewa ran Lahadi ta ƙarshe kafin tafiya, kowane magidanci zai zo da Littafinsa, ya miƙa wa matarsa da hannu biyu a gaban jama'a. Za a fara da Bisharar Markus, sura 16 ce, sura guda kowane mako, ta isa ta kai mu bazara. Zumuntar mata kuma za ta buɗe ajin koyon karatu ran Talata da yamma. Gidan da ba su da Littafi su gaya wa mai-bishara nasu tun yanzu, domin mu aika Kano a sayo kafin masu tafiya su tashi.